Yadda ake shirya wa tawagar ofishin ƙasa da ƙasa tafiyar aiki daga Abuja zuwa Jos

Ranar da aka fara damƙa mini shirya tafiya, a tsaye shugaban sashenmu ya gaya mini, yana sauri zai shiga taro: "Ƙarshen wata za mu Jos, kwana 3, mu 5 ne, ka shirya." Iyakar bayanin ke nan. Shekaru sun ja tun daga ranar, na shirya irin wannan tafiya ba adadi, kuma har gobe da irin wannan gajeriyar magana take farawa. Kai ma'aikacin gudanarwa, kai ne za ka mai da maganar ta zama mota cike da mai, ɗakuna da sunayen mutane, takardar izini a hannu, da masu masauki zaune suna jira a lokacin da aka ce musu.

Na rubuta wannan ne don wanda ya kama aikin sabo a Abuja, ko a gidan Majalisar Ɗinkin Duniya, ko a hukumar ECOWAS da ke Asokoro, ko a wani ofishin jakadanci. Inda na kawo ƙa'ida da adadi, ta sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya ce. Kowace hukuma da littafinta, ka nemi naku ka karanta, amma jerin matakan kusan ɗaya ne ko'ina. Kuma ka riƙe wannan tun yanzu: duk abin da aka gaya maka da baki, ɗauka ba a yi shi ba sai ya koma rubutu.

Kayan da za ka tanada

- Fayil na takarda da wani a kwamfuta, su biyun da suna ɗaya: garin da za a je da kwanan wata. Duk takardar da ta shafi tafiyar, nan za ta kwana.
- Littafin rubutu mai kauri, inda za ka riƙa rubuta wanda ka kira, ƙarfe nawa, da abin da ya ce. Mutane na mantuwa ba don mugunta ba, littafin nan ne zai raba gardama.
- Waya mai layi 2 na kamfanoni daban-daban, da fawa banki cike da caji. A hanyar Jos akwai inda layi ɗaya zai ɗauke, ɗayan ya kama.
- Fom-fom ɗin ofis: na neman izinin tafiya, na neman mota, na jerin fasinjoji, na halartar taro, da wanda baƙon da ba ma'aikaci ba yake sa wa hannu kafin ya shiga motar ofis.
- Kwafin katin shaida ko fasfo na kowane matafiyi. Waɗannan a kulle ake ajiye su.
- Lambar kasafin da za a ciri kuɗin tafiyar daga ciki. In babu ita, sashen kuɗi ba zai ko duba takardarka ba.
- Ambulan, biro masu yawa, da tawadar dangwale saboda mahalartan da ba sa sa hannu da biro.

In ofishinku ƙarami ne, ba shi da fom na musamman, zana naka a Word ko Excel, ka kai wa shugabanka ya amince da shi sau ɗaya, ka ci gaba da amfani da shi.

Mataki na 1: Tatso bayani daga shugaban tawaga

Nemi minti 10 a wurinsa, kada ka ji nauyi. Ni ce masa nake yi: "Yallaɓai, tambayoyi 6 gare ni. In na samu amsarsu yau, ba zan sake damunka ba sai an zo sa hannu." Me za a je yi? Su wa za su je, da cikakkun sunayensu yadda suke a katin shaida? Akwai wanda zai zo daga wata ƙasa ko wanda ba ma'aikacinmu ba? Su wa ake son gani? Yaushe tafiya, yaushe dawowa, kuma ranakun suna gusawa ko a kafe suke? Daga wane kasafi za a biya?

Da ka koma teburinka, rubuta amsoshin a imel ka tura masa, ka ce ga abin da ka fahimta, ya gyara in da kuskure. Kada ka fara komai sai ya amsa, ko da kalma ɗaya ce.

In akwai mai zuwa daga waje, maganarsa ce ta farko, don ita ta fi cin lokaci. Ɗan ƙasar ECOWAS yana shigowa ba biza har kwana 90. Saura kuwa, riƙe fasfon Majalisar Ɗinkin Duniya, shuɗi ko ja, ba shi ke nufin an yafe wa mutum biza ba, sai an bincika. Ka tuna masa ya zo da katin rigakafin zazzaɓin shawara, don ana tambaya a filin jirgin Nnamdi Azikiwe.

Mataki na 2: Ƙirga kwanaki daga ranar tafiya ka dawo baya

Ba a fafe gora ranar tafiya. A tsarin sakatariyar Majalisar, ana shigar da buƙatar tafiya kwana 21 kafin ranar, in da tikitin jirgi kuma a gama sayensa saura kwana 16. In aka wuce haka sai an rubuta dalili, kuma dalilin yana zama a tarihin ofishinku. Ɗauki kalanda ka sa alama a kan waɗannan ranakun, sannan ka duba abin da ya faɗo cikin kwanakin tafiyar: Juma'a, Lahadi, hutun gwamnati, Kirsimeti, Ista, ranar zaɓe. Hutun Sallah da ganin wata yake tafiya, saboda haka kada ka kafa ganawa a kwanakin da ke gefensa. In shugaba ya zo maka da tafiya saura mako guda, gaya masa a ranar abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba. Ya fi masa sauƙi ya ji yau.

Mataki na 3: Izinin tsaro

Wannan yana gaba da otal, yana gaba da mota. Sashen tsaro na Majalisar, UNDSS, wanda aka kafa a 2005, yana da shafin intanet da ake kira TRIP. Kowane matafiyi da kansa yake shiga ya sa inda zai je, hanyar da zai bi, inda zai kwana da lambar wayarsa, sannan a ba shi izini. Wanda bai yi darasin tsaro na BSAFE ba, a sa shi ya zauna ya yi tun yanzu. Naka shi ne ka bi su ɗaya bayan ɗaya har kowa ya turo maka kwafin izininsa, har da direba. Ni mako guda nake ba wa wannan.

Sabon ma'aikaci yakan ɗauki abin kamar cika takarda kawai. Waɗanda suka ga ranar 26 ga Agusta 2011, da aka kai harin bam gidan Majalisar a nan Abuja mutum fiye da 20 suka rasu, ba sa ɗaukarsa haka. In abu ya faru, da wannan jerin sunayen ake sanin wa ke ina, wa za a nema.

Je ka ga jami'in tsaron ofishinku ido da ido. Tambaye shi halin da hanya ke ciki a makon, ƙarfe nawa dole a ce an sauka, mota nawa ake buƙata, da ko akwai unguwa ko ƙaramar hukumar da ba a shiga yanzu. Hanyar Akwanga tana ratsa Nasarawa, ta gifta kudancin Kaduna ta wajen Gwantu, sannan ta hau Filato, don haka labarin jihohi 3 kake nema. In ya ce sai da rakiyar 'yan sanda, shi zai nema a rubuce, kuma a motarsu za su tafi. Ba a shiga motar Majalisa da bindiga. In ofishinku ba shi da jami'in tsaro, ka tuntuɓi wata babbar hukuma da kuke aiki tare, ka kuma kira abokan aikinku da ke zaune a Jos, ka rubuta abin da suka ce shugaba ya sa hannu ya gani.

Wanda ya iya wannan a Abuja ya riga ya san rabin aikin a rundunonin kiyaye zaman lafiya. A Juba ta Sudan ta Kudu ko Bangui ta Afirka ta Tsakiya, takardar izinin motsin ma'aikaci ce ke ɗaukar wannan matsayi, ba a hawa jirgin runduna sai da ita, cibiyar Majalisar da ke Entebbe ta Uganda kuma ta riƙe lissafin tafiye-tafiye da biyan kuɗi. Suna ne ya sauya, tsarin yana nan.

Mataki na 4: Wasiƙar diflomasiyya

Yarjejeniyar Vienna ta 1961 ta ce hulɗar ofishin jakadanci da gwamnatin da ta karɓe shi ta hannun ma'aikatar harkokin waje take bi. Saboda haka in tawagarku za ta ga gwamna ko wani babban jami'i, ba a fara da kiran wayar wani da aka sani. Ana rubuta wasiƙar da ake kira note verbale da Faransanci, a kai ta ma'aikatar, a gidan Tafawa Balewa.

Ga yadda take. Da bakin ofis ake rubuta ta, babu "ni", babu "mu". Ofishin yana miƙa gaisuwa ga ma'aikatar, ya sanar cewa tawaga kaza za ta ziyarci jihar Filato daga rana kaza zuwa kaza saboda dalili kaza, ya roƙi a taimaka a shirya ganawa da wane da wane, ya rufe da jaddada girmamawa. Ba a sa mata cikakken sa hannu, haruffan farko na sunan mai izini kawai da hatimin ofis, da lambarta ta jeri. Kada ka ƙirƙiro salo, ɗauko tsohuwa daga fayil ka bi sawunta. Ka haɗa da jerin sunayen tawaga da muƙamansu.

Kwafi 2 za a kai. Su riƙe ɗaya, su buga wa ɗayar hatimin karɓa da kwanan wata, ka dawo da ita fayil. Ka kai wani kwafin ofishin hulɗa na jihar Filato da ke Abuja, ka kuma tura wa ofishin sakataren gwamnatin jiha da masu kula da baƙi a gidan gwamnati da ke Little Rayfield. Mako 2 kafin tafiya nake so duk wannan ya kammala.

Kurakuran da suka fi yawa ƙanana ne a ido: harafi ɗaya ya sauya a sunan mutum, an ba shi muƙamin da ba nasa ba, ranar da ke wasiƙa ta saɓa da ta jadawali. Ba wani ya karanta maka kafin a buga hatimi. Babban kuskure kuwa shi ne ka ga hatimin karɓa ka miƙe ƙafa. Na taɓa yin haka a wata tafiya zuwa wata jiha. Tawagarmu ta zauna awa 2 a ɗakin jira, ashe wasiƙar ba ta taɓa isa teburin wanda za mu gani ba. Tun daga nan sai na samu mutum guda a can, da sunansa da lambarsa, wanda zai ce mini ya ga wasiƙar da idonsa kuma an sa mu a jadawalin mai gidansa.

Mataki na 5: Tsara jadawalin ganawa

A nan nake so ka fi natsuwa, don a Jos jadawali ma magana ne. Garin ya ga rikici a Satumbar 2001, da Nuwambar 2008, da Janairun 2010, unguwanni da yawa suka rabu bisa addini, kuma ƙauyukan Riyom, Barikin Ladi, Bassa, Mangu da Bokkos sun sha zubar da jini. Mutanen da suka ga irin wannan suna lura. Suna lura da ƙofar da farar mota ta fara tsayawa, da tsawon lokacin da ta yi a wurin, da wanda aka tsallake. Tawaga tana iya zuwa da zuciya ɗaya, jadawalin da kai ka tsara a Abuja ya sa a ce ta ɗauki ɓangare.

Tsarin da na saba bi: gwamnati da farko don gaisuwar ban girma, sai fadar Gbong Gwom Jos, wato babban sarkin gargajiyar Jos, sai shugabannin addini. In za a ga ƙungiyar Kiristoci ta CAN, a ga Jama'atu Nasril Islam, a rana ɗaya, lokaci daidai wa daida. In za a saurari manoma, a saurari makiyaya. In lokaci ba zai isa a je wa kowa gida ba, to kada a je wa kowa, a gayyato su wuri guda da kowa zai iya zuwa hankalinsa kwance. Mata da matasa a ware musu nasu zaman, don a gaban manya ba za su buɗe baki ba. Zaɓen waɗanda za a gani na shugaban tawaga ne, amma kai ne mai ganin takardar gaba ɗayanta. In ka hango ta karkata, ka nuna masa cikin ladabi.

In ba ka san kowa a garin ba, hukumar samar da zaman lafiya ta jihar Filato, wadda aka kafa a 2016, mafari ce mai kyau. Jami'ar Jos tana da cibiyar nazarin rikici da zaman lafiya, ga kuma cibiyar nazarin manufofi ta ƙasa da ke Kuru. Sai dai kada ka karɓi jerin sunaye daga hannu ɗaya ka tsaya, ka gwada shi da na wani.

Ganawa 4 sun isa a yini. Bar aƙalla minti 30 tsakaninsu, a fada kuma ka ƙara, don ba a yi wa sarki gaggawa. Ranar Juma'a ka bar daga 12:30 zuwa 3:00 fayau, ana toshe hanyoyin da ke kewaye da babban masallaci. Safiyar Lahadi kada ka sa komai. Lokutan sallar azahar da la'asar su fito ɓaro-ɓaro a jadawalin kowane taro.

Sai tafinta. Hausa ce harshen kasuwa a Jos, amma akwai dattijon da zai fi son faɗin ciwonsa da Berom ko Fulatanci, akwai kuma wanda zai zaɓi Turanci. Tambaya ake yi, ba a yanke wa mutum. Ka nemi tafintan da ɓangarorin za su yarda da shi. Kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa, kuma sunayen waɗanda suka zo suka yi magana a kan rikici amana ne, ba a tura su dandalin WhatsApp.

Mataki na 6: Mota da direba

Daga Abuja ana bi ta Nyanya, Mararaba, Masaka, Keffi, Akwanga, a karya hagu a bi Gwantu, a hau Hawan Kibo, a ratsa Riyom, a faɗa Mararrabar Jama'a, sai Bukuru, sai Jos. Awa 4 zuwa 5 ce in hanya ta yi kyau, amma ni awa 6 nake rubutawa. Da safe cunkoson Nyanya da Mararaba na masu shigowa Abuja ne, da yamma na masu fita. To ku fita da sassafe, ku kuma tsara dawowa yadda za ku ratsa Mararaba da rana tsaka. Ba a tafiyar dare tsakanin gari da gari, ko wa ya nema.

Je gareji ka samu direban, kada ka tura masa takarda kawai. Ni nakan ce: "Baba, Jos za mu, me ka gani?" Ya fi ka sanin inda kwalta ta fashe, inda ake samun mai mai kyau, da yadda manyan motoci ke mutuwa a Hawan Kibo su tare hanya. Ku duba motar tare kwana 2 kafin tafiya: birki, tayoyi da safaya 2, jak, abin kashe gobara, akwatin taimakon farko, katan ɗin ruwa, rediyon sadarwa ko wayar tauraron ɗan adam, takardun mota da littafin rubuta tafiyarta. A cika tanki tun jajibiri.

Za a roƙe ka a rage wa wani hanya, ɗan wani ko ƙanwar wata. Ka ba da haƙuri. Wanda sunansa ba ya cikin jerin fasinjoji ba ya shiga, don in tsautsayi ya gifta inshora ba ta san da shi ba, kuma direban ne zai fara rasa aikinsa. In babu motar ofis, ku yi haya daga kamfanin da sashen tsaro ya tantance, a kawo motar da direbanta a duba su kafin ranar.

Akwai filin jirgin Yakubu Gowon a Heipang, amma jirage ba su cika yawa ba, hazon hunturu kuma yana soke tashi daga Disamba zuwa Fabrairu. Ko an bi jirgi, sai ka tura mota ta riga su da kwana guda. In tafiyar ta Arewa maso gabas ce, akwai jiragen agaji na UNHAS da hukumar abinci ta duniya ke gudanarwa a Najeriya tun 2015, masu saukar ungulu suna tashi daga Maiduguri zuwa garuruwa irin su Monguno, Ngala da Bama. Da kuɗin tallafi suke tashi, jadawalinsu na sauyawa, sai ka nemi na makon daga jami'in da ke yi wa ofishinku rajista.

Mataki na 7: Masauki da zauren taro

Karɓi jerin otal-otal ɗin da sashen tsaro ya amince da su, ka zaɓa daga ciki. In ofis ne zai biya zauren taro da abinci, nemi farashi a rubuce daga wurare 3. Tambaye su: janareta yana kwana a kunne? Akwai ruwan zafi? Mota za ta kwana cikin harabar? Maganar ruwan zafi kada ka raina ta. Jos tana kan tudu kimanin mita 1,200, sanyin Disamba da Janairu kuma yana ba wanda ya saba da Abuja mamaki. Gaya wa kowa ya ɗauki rigar sanyi.

Su turo maka tabbaci a rubuce da sunan kowa da farashin ɗakinsa. Direba ya kwana inda tawaga ta kwana. A zauren taro a ware wurin salla, abinci kuma ya zama wanda kowa zai ci ba tare da ya yi tambaya ba. In azumin Ramadan ne ko na Kiristoci, ka rage abin da za a dafa, ka yi wa masu azumi ƙunshi su tafi da shi.

Mataki na 8: Kuɗi

Kowane matafiyi yana da kuɗin guzuri na kullum, DSA, wanda hukumar kula da ma'aikatan ƙasa da ƙasa ke fitar da adadinsa wata-wata. Yi amfani da na watan tafiyar. In an ba mutum masauki kyauta ana rage kashi 50 cikin 100, in abinci ne kashi 30, in duka biyun kashi 80. Bayyana wa kowa wannan tun a Abuja, don shi ne ya fi haddasa ɓacin rai bayan an dawo. Ka bi guzurin direba har ya shiga asusunsa kafin ku tashi. Manya suna da abin da za su ranta wa kansu, shi ba lalle ba ne.

Kuɗin motar mahalarta taro ya fi kyau a tura ta banki, sunan asusu ya dace da sunan da ke takardar halarta. In akwai waɗanda ba su da asusu, nemi izini a rubuce na riƙe tsabar kuɗi, ka sa na kowa a ambulan tun daga ofis, ku zauna ku 2 wurin biya, kowa ya sa hannu ko ya dangwala da kansa. Kada wani ya sa wa wani hannu, ko da mijinta ne, ko da mai unguwarsu ne. Rasit ɗin na'urar POS yana gogewa cikin 'yan makonni, ɗauki hotonsa nan take.

Wani mai otal ko mai haya zai ce maka ga na goro. Kada ka karɓa, komai ƙanƙantarsa. Ranar da ka karɓa, ba ka da bakin ce masa abincinsa bai yi ba, kuma irin wannan ba ya ɓuya ga masu binciken kuɗi.

Mataki na 9: Jajibiri da ranar tafiya

Jajibiri ranar waya ce. Kira kowane mai masauki, otal, tafinta, direba da jami'in tsaro, ka maimaita rana da lokaci, ka rubuta a littafinka. Buga takarda shafi ɗaya mai ɗauke da jadawali, lambobin waya, adireshin otal da asibitin da sashen lafiyarku ya ce a nufa in an samu matsala, ka ba kowa tasa a hannu. Waya tana mutuwa.

Da safe ka riga kowa zuwa. Ƙirga mutane da jerin sunaye, kowa ya ɗaura bel, ka sanar da ɗakin sadarwa na sashen tsaro kun tashi, ka sake sanarwa a Keffi, a Akwanga, da in kun sauka. A shingen jami'an tsaro direba ya rage gudu, ya sauke gilashi, mutum ɗaya ya yi magana, ba a ba da kuɗi, ba a ɗaga waya ana hoto.

Jadawali zai goce, wannan ba makawa. Da ka ga za ku makara, kira mai masauki na gaba kafin lokacinsa ya cika: "Ranka ya daɗe, a gafarce mu, an riƙe mu a gidan gwamnati, nan da minti 40 muna ƙofarka." Mutanenmu suna yafe makara in an sanar da su, shiru ne ke yi musu ciwo. In gari ya rikice ko aka sa dokar hana fita, jami'in tsaro ke yanke hukunci. Kai dai ka san inda kowane mutum naka yake, motoci kuma da mai a cikinsu.

Mataki na 10: Rufe fayil

Kwana 14 kowane matafiyi ke da shi ya shigar da bayanin kuɗin tafiyarsa. Wanda ya yi sakaci ana iya zare guzurin daga albashinsa, saboda haka ka tuna musu a rana ta 3, ka sake a ta 10. Liƙa rasit-rasit a farar takarda bisa jerin kwanaki, ka mai da canjin da ya rage, ka karɓi shaidar mayarwa. Bi kuɗin otal da na tafinta har a biya su, don ƙananan masu sana'a ba sa iya jiran wata 2, kuma kai ne za ka sake neman su. Shirya wasiƙun godiya shugaba ya sa hannu cikin mako guda, har da na ma'aikacin da ya bi maka wasiƙa a gidan gwamnati. Kwafin fasfo da katin shaida da ba a buƙata kuma, a sa su a injin yayyaga takarda.

Daga nan ka ɗauki shafi guda ka rubuta ƙarfe nawa kuka tashi, ƙarfe nawa kuka isa, inda hanya ta lalace, lambobin da suka sauya, ɗakunan da ruwan zafinsu bai yi aiki ba, da ganawar da ta ci lokaci fiye da yadda aka tsara. Sa kwanan wata, ka ɗora shafin a saman fayil ɗin, ka mai da shi kabad.